Babban Hari a Shagon Baba Hamani

Kwanan baya ina zaune a tsakar gida da la'asar, ina fama da aikin da malamarmu ta ajin manya ta ba mu, sai na ji wani sauti daga wayar ƙaramin ɗana. Dum, dum, dum, dum, kamar mai daka a turmin da ba kome ciki. Fensir ya tsaya a hannuna. Na ce ya kawo in gani. Ya matso yana dariya, ya ce wai wasan mutanen da ne, ya sa shi a wayar don ya ga abin da ake yi kafin a waye. Na duba, sai ga 'yan ƙwarin nan sahu bisa sahu, suna tafiya gefe-gefe suna saukowa, ga rumbuna jere a ƙasa. Ya faɗa mini sunan wasan da harshen Nasara, ban riƙe ba. Mu Fara muke ce masa. Ya taɓa kaɗan, ya gaji, ya share shi da yatsa ya koma kallon ƙwallo. Ni kuwa ban ƙara rubuta ko harafi ba a ranar.

A Zongo na tashi. Mahaifina tela ne, Bagobiri, ya zo Yamai tun yana saurayi daga wani ƙauye can arewa da Madawa. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Aikina hura gawayin dutsen guga, ɗinka maɓalli, da kai kaya gidajen masu su. Jikin shagonmu kuwa shagon Baba Hamani ne, mai gyaran rediyo da talabijin, Bazabarme haifaffen Yamai, dogon mutum mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da waya. Shagonsa kullum warin dalma da ƙonannen roba yake, rediyoyi tsube har rufi, wasu masu su sun manta da su, wasu masu su sun mutu. Hausar kasuwa gare shi, kuma har ya koma ga Allah bai raba mace da namiji a bakinsa ba. Da safe sai ka ji ya leƙo ya ce mini, "Kai ɗan tela, zo ki share mini shago." Baba, yana taka keken ɗinki, ba ya ko ɗaga kai, sai ya ce, "Bazabarme, tun da sassafe ka mayar mini da ɗa mace?" Shi kuma ya ce, "Bagobiri, harshenku ne ya cika fitina. Mu a wurinmu mutum mutum ne." Haka suke yini, Bagobiri da Bazabarme, wasan da suka gada, kowa na cewa kakansa ne ya ciyar da kakan ɗan'uwansa.

Lokacin soja ke mulki. Hoton shugaba na rataye a kowane shago, manya ba su faɗin sunansa, sai dai su ce "mutumin" su ɗaga gira. In Baba Hamani na gwada rediyon da ya gyara ya faɗa kan tashar waje ana zancen ƙasarmu, sai ya yi maza ya murɗa ya koma kan kiɗa. Mu yara ba abin da ya dame mu da wannan. Abin da ya dame mu yana can bayan shagon, a kan wani akwatin katako.

Wani kuku ne ya kawo shi daga unguwar Filato. Ubangidansa Nasara ya gama aiki ya koma ƙasarsu, ya bar masa shi, shi kuwa kukun ba kuran, wato wutar lantarki, a gidansa, sai ya ajiye wa Baba Hamani. Baƙin akwati ne faffaɗa, gabansa da launin katako, da 'yan ƙarafa da ake dannawa. Ana jona shi da talabijin. Akwai wata 'yar sanda mai jan maɓalli a gefe da ake riƙewa a juya, Baba ya gan ta ya ce muciya ce, sunan kuma ya bi ta. Wasannin suna cikin wasu kaset masu kama da sabulun wanki, ana cusa su ta sama. In ɗaya ya ƙi kamawa sai a zare a hura masa iska, a goge a riga, a mayar da bismilla. Talabijin ɗin ma ba na Baba Hamani ba ne, na wani ne da ya kawo gyara bai dawo ba, fari da baƙi. Tashar gwamnati ba ta buɗewa sai yamma, saboda haka rana tamu ce.

Ba a biyan kome. Aiki ake yi. Wanda ya share shago, ko ya hura wa ƙarfen dalma wuta, ko ya tsince ƙananan kusoshi daga ƙasa ya zuba a gwangwani, shi ke da muciya in an gama azahar. Sauran mu tsaya a bayansa, kai bisa kafaɗa, zufa na haɗuwa da zufa, kowa na ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. In ka mutu a wasa, duk layin ya ji, har mai tsire na bakin titi sai ya yi maka gaisuwa. Yanzu ina ganin yara kowa da tasa wayar, kowa a kusurwarsa, ya ci shi kaɗai, ya faɗi shi kaɗai, in an kira shi ya danna ya tsayar da wasan ya dawo ya tarar da shi yana jiransa. Namu ba ya jira. In uwarka ta aiko kiranka kana tsakiyar yaƙi, sai ka zaɓa tsakanin rai da bulala.

Akwai wasan ƙwallo da ake bugawa tsakanin sanduna biyu, mai sauti kamar ɗigon ruwa a kwano. Akwai wanda muke kira Haɗamau, wani baki ne kawai ba ciki ba ƙafa, yana bin lunguna yana cinye 'yan ɗigo da muke ce wa gero, fatalwa na bin sa. Amma sarkinsu Fara ne. Kai kana ƙasa da 'yar bindigarka, ga rumbuna uku da kake fakewa bayansu, su kuma suna sama suna saukowa a hankali, da wannan sauti na turmi. Kana rage su sautin na ƙara sauri, har zuciyarka ta bi shi. In ka ƙare sahu duka, wasu su fito, su fara daga ƙasa da inda na farko suka fara. Ba wanda ya taɓa yin nisa a cikinmu.

A haka fari ya same mu. Damina ta zo ta wuce kamar baƙon da ya yi sallama daga ƙofa. Kogi ya janye har yara na taka wuraren da da jirgi ke bi. A rediyo ba a cewa yunwa, sai ƙarancin cimaka. Amma mun ga mutanen ƙauye suna shigowa, mata da ƙullin kaya, tsofaffi da sanda, suna kwana gindin itatuwa da bayan masallatai. A gidanmu tuwon gero ya koma na jar dawar taimako, wadda ke tsaya wa mutum a ƙirji. Ɗinki ya ja baya, don mai neman abin da zai ci ba ya yanka yadi.

Wata safiya motar albasa ta sauke mana Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, da jaririya a baya da ɗanta Nomau. Mijinta ya tafi kurmi neman aiki, ba labari. An sa wa yaron Nomau ne don an haife shi ana tsakiyar noma. Tsarana ne, amma wuyansa kamar kara, gashinsa ya yi ja, idanunsa sun yi wa fuskarsa yawa. Taubashina ne, ɗan mace da ɗan namiji, saboda haka tun bai gama cin tuwon farko ba na ce masa, "Baƙauye, a hankali, kwanon ma namu ne." Ya lashe yatsa ya dube ni ya ce, "Bawana, in na gama ka wanke." Daga ranar ba mu rabu ba. Tabarma ɗaya, kwano ɗaya.

Kalmar Zabarmanci ta farko da ya koya ita ce hari. 'Yan mata masu tallan ruwan sanyi ke kiran "hari yeno" a bakin kasuwa, ya tambaye ni wa za a kai wa hari. Na yi dariya har na zauna, na ce a harshensu hari ruwa ne, na sha da na sama duka. Abin ya ba shi mamaki. Ya yini yana maimaitawa, wai mutanen da ke kiran ruwa hari lalle ba su taɓa jin ƙishirwa ba.

Da na kai shi shagon Baba Hamani, yara na buga Haɗamau. Ya tsaya ya kalli bakin nan yana cinye gero layi-layi, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wannan ba ya ƙoshi?" Aka ce ba ya ƙoshi. Ya ce, "Kuma ba ya rage wa kowa?" Aka fashe da dariya. Shi bai yi ba, kuma bai taɓa taɓa wannan kaset ɗin ba har ya bar Yamai. Amma da aka sa Fara, sai ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ya ce, "Da ana soya waɗannan da mun huta." Nan ma aka yi dariya, wannan karon da shi.

Ranar da ya fara riƙe muciya ya riƙe ta kamar ƙotar fartanya, aka yi ta yi masa tsiya. Ba a daɗe ba tsiyar ta ƙare. Yaron da ya tashi yana korar tsuntsaye a gona da danƙo bai harbin inda abu yake, inda za shi yake harbi. Mu tsakiya muke faɗa wa, shi daga gefe yake ci, ya ce fara daga bakin gona ake tare ta. Mu 'yan birni muna da dabarar huda rumbu da harsashinmu mu riƙa harbi ta cikin ramin. Da na nuna masa sai ya dube ni kamar na yi saɓo. "Wa ke huda rumbunsa da hannunsa?" Bai taɓa yi ba. Yana share shago tun ba a sa shi ba, yana tsince kusoshi, har ya fara gane wace waya ke zuwa ina. Baba Hamani ya ce wa Baba, "Bagobiri, yarinyar nan tana da hannu. Ban san daga ina ta samo ba, ba dai daga wajenku ba."

Wata rana Nomau ya wuce inda kowa ya taɓa kaiwa, ya mutu, ya juya ya ce, "Baba Hamani, in an ƙare su duka, mi ke zuwa?" Baba Hamani na duƙe kan wani rediyo, hayaƙin dalma na tashi. Ya ce kukun ya gaya masa ɗan Nasaran na yin nisa ƙwarai. "In ka yi nisa, can ƙarshe, sai babban hari ta zo." Nomau ya matso kusa da shi. Ya san Baba Hamani na cusa Zabarmanci cikin Hausarsa ba tare da ya sani ba. Ya ce a hankali, "Hari irin naku?" Baba Hamani ya ɗago, ya dube shi ta saman tabarau, ya ce, "Oho." Ya koma kan aikinsa.

To, a Hausa oho shi ne ban sani ba, ba ruwana. A Zabarmanci kuwa oho shi ne i. Muka fito muna gardama. Na ce Hausa yake yi, hari na yaƙi yake nufi, oho kuma na kora ne. Nomau ya ce, "Bazabarme ne ko ba Bazabarme ba? A bakinsa hari ruwa ne, oho i ne. Kuma kai, mai hankali, in an kori fara daga gona, mi ya rage in ba ruwa ba? Wanda ya ƙera abin nan ai ba mahaukaci ba ne da zai sa mutum wahala a banza." Na so in koma in sake tambaya, ya hana ni, ya ce ba a tambayar babba sau biyu. Daga ranar ya daina wasa don wasa. Yakan ce yana son ya ga yadda zai sauko, ko ɗigo-ɗigo ne kamar geron Haɗamau, ko kuwa akwatin zai yi tsawa tukuna. Rabonsa da ruwan kirki ya daɗe. Ya ce har ƙamshin ƙasa in ta jiƙe ya fara ɓace masa.

Sai umurni ya fito cewa duk wanda fari ya koro birni a mayar da shi yankinsu, a haƙa rijiyoyi a yi noman rani. Aka ce kamyo, manyan motocin kaya, za su zo su kwashi mutane. Ba a gardama da umurni a lokacin. Yaron da ke koyon sana'a a hannun maigida kawai ake bari. Baba Hamani ya shigo gidanmu da kansa, abin da bai saba ba, ya tsuguna ya gaida Gwaggo, ya ce a bar masa Nomau, zai koya masa gyara, zai ci abin da 'ya'yansa ke ci. Gwaggo ta sunkuyar da kai tana jijjiga jaririya. Ta ce wa Baba, "Yaya, in ya zauna ya tsira. In ya zauna kuma ban san wa zai ja mini guga ba. Ni ba zan ce ba. Ku tambaye shi." Baba ya kira shi ya ce, "Nomau, ka ji. Mi ka gani?" Ya daɗe yana wasa da yatsun ƙafarsa cikin ƙasa. Ya ce, "Kawu, bari in ga ruwan tukuna." Manya ba su gane ba. Ni na gane. A tabarma ya gaya mini: in ya kai ƙarshe ruwa ya sauko, to alama ce bana za a samu, Inna za ta iya ba shi, sai ya zauna. Tun daga nan na bar gardama. Na fi shi son ya zama hari irin nasu.

Ana gobe kamyo za su zo, bayan azahar, Baba Hamani ya kori kowa daga muciya ya ba Nomau. Ya ja ƙofa rabi don hasken rana ya bar gilashi. Yaran layi suka cika shagon, amma ba mai ba da shawara. Na ji keken Baba ya tsaya, sai ga shi a bakin ƙofa da tef a wuya, wai ya zo aron almakashi, a shagon mai rediyo. Nomau ya goge tafinsa a wando, ya yi bismilla. Sahu na farko ya tafi, na biyu ya bi shi. Yana ci daga gefe, yana komawa bayan rumbu, yana fitowa. Turmin na daka, yana sauri, ya yanke, ya sake farawa daga ƙasa. Ya wuce inda ya saba mutuwa. Ya rasa rai ɗaya, wani yaro ya yi salati, aka toshe masa baki. Zufa na ɗiga daga haɓarsa bisa muciya. Na ga jijiyar wuyansa na bugawa tare da sautin. Rumbunan sun ciccinye, amma suna nan. Sai ya rage guda, tana gudu daga bango zuwa bango kamar ta haukace. Ya jira ta. Ya harba inda za ta. Sama ta zama wayam.

Shiru ya ɗan yi, kamar na numfashi guda. Nomau ya saki muciya ya ɗaga fuska, bakinsa a buɗe kaɗan, yadda mutum ke yi in ya ji iskar hadari. Ni ma sama nake kallo.

Sai suka fito. Ba daga sama ba, dab da kansa, sahu cike, sun rufe gilashin. Rumbunan kuwa babu su, ko ɗaya, an share su kamar ba a taɓa ginawa ba. Shi kaɗai a fili. Yara suka yi ta ihu, "Harba! Harba!" Bai taɓa maɓallin ba. Ya zauna yana kallo har suka sauka a kansa, akwatin ya yi wannan ƙarar tasa ya tsaya. Ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ashe irin namu ne." Can ya ƙara, "Wannan ai na san shi."

Ya tashi ya ratsa yara ya je gaban Baba ya ce, "Kawu, zan bi Inna." Baba Hamani ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Na bi Nomau waje na riƙe masa hannu, na ce, "Kai baƙauye ne wallahi! Wasa ne fa, akwatin Nasara ne, mi ya sani game da damina?" Ya ce, "Na san wasa ne. Amma ka gani dai. Ba rumbu, suna bisa kanka, kai kaɗai. Haka za ta tsaya in ban je ba." Na fara kuka, ya ture mini kai ya ce, "Bawana, bar zubar da ruwa, tsada gare shi. Riƙe mini muciyar. In na dawo na tarar kana huda rumbu, sai na sayar da kai."

Baba ya haɗa ƙyallayen da suka rage a shago ya ɗinka masa riga mai launi-launi, ya yi ta da girma, hannun har ya rufe yatsu, ya ce zai girma a ciki. Da safe muka raka su inda kamyo ke tsaye. Soja na kiran sunayen garuruwa, mutane na hawa da tabarmi da tukwane. Aka miƙa Gwaggo, aka miƙa jaririya, Nomau ya haye da kansa. Da motar ta tashi, abin da na gani na ƙarshe hannun rigar nan ne yana lilo, ba a ganin yatsun.

Labarin ya zo da bazara, a bakin direban motar albasa. Ya tsaya ƙofar shago ya cire hula, Baba ya tsayar da keke. Ya ce sun haƙa rijiya, yaron ya yi ta jan guga safe da yamma, albasarsu har ta yi kyau. Sai ƙyanda ta shiga wurin, ta sami yara ba ƙarfi. Jaririyar ta tashi, Nomau bai tashi ba. Gwaggo ta rayu har ta ga jikoki daga wannan jaririyar, kuma duk lokacin da na je gaishe ta sai ta ce, da ba don gugan yaron nan ba da ba wanda zai fita a cikinsu.

Ba a yi nisa ba damina ta faɗi, ta gaske. Ina shagon Baba Hamani da rana, ina kallon wasu na buga Fara, don ni ban ƙara riƙe muciya ba. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso, kuran ya ɗauke kamar yadda yake yi da hadarin farko, gilashin ya mutu. Sai muka ji shi a kan kwano, ɗaya-ɗaya, sannan gaba ɗaya. Yara suka watse waje suna tsalle. Matan maƙwabta na guɗa suna "Hari kaa! Hari kaa!", wato ruwa ya zo. Ƙamshin ƙasa ya shigo shagon ya danne warin dalma. Muka rage ni da Baba Hamani cikin duhun rediyoyi. Na ce, "Baba, ranar nan da ka ce oho, da wane harshe ka faɗa?" Ruwa na dukan rufi har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Ɗan tela, na ji tambayarsa sarai. Na ga idonsa. In ce i, na yi ƙarya. In ce a'a, bakina ya ƙi. Sai na ɗauki wadda ke da gida biyu." Ya juya ya kalli ƙofa ya ce, "Yaron kirki ne. Da ya zama mai gyara." Ranar kaɗai na ji bai mayar da namiji mace ba.

Akwatin bai daɗe ba bayan haka, wata rana ya yi hayaƙi ya mutu, Baba Hamani ya buɗe shi ya kwashe abin da zai yi amfani. Shi ma ya rasu, Baba ma haka, Allah ya jiƙansu. Inda shagunan suke yanzu masu sayar da waya ne, da fitilu masu walƙiya, ba wanda ya san an taɓa korar fara a wurin. Da na tambayi ɗana ko wasan nan na da ƙarshe, ya duba wayarsa ya ce ba shi da shi, haka aka yi shi, suna ta zuwa ne har ka mutu.

Da na koma aji na tambayi malamarmu yadda ake rubuta hari don a gane wanne ake nufi, na ruwa ko na yaƙi. Ita ma Bazabarma ce, ta yi murmushi ta ce, "Baba, rubutunsu ɗaya. Mai karatu daga abin da ke gefensa yake ganewa." Na dawo gida na buɗe sabon shafi, na rubuta shi a tsakiya da hannuna, a hankali, yadda aka koya mini. Ban sa kome a gefensa ba.